Jaji Mai Inji Ya Koma Koyo

Jaji taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce, don haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa wanda ya fi shi a gaban idonsa. Ya ba hamsin baya. Gajere ne, mai saurin tafiya kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ban taɓa ganin ya zauna ya gama shan koko ba, a tsaye yake sha, idonsa na kan hanya.

Rumfarsa tana bakin titi a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, kuma gyaran injin ban ruwa ne sana'arsa. Mu da gonakinmu ke can ƙarshen layi, inda ruwan kanal ba ya zuwa sai ya ga dama, da rijiya da inji muke noman rani. Inji ya tsaya maka kwana biyu a tsakiyar zafi, to ka yi wa tumatirinka sallama. Shi ya sa a da, ko mai unguwa ne ya kawo nasa sai ya bi layi a rumfar Jaji.

Yara kuwa ya yaye su da yawa. Uba zai kawo ɗansa da ɗan goro, ya ce, "Ga shi nan, naka ne. In ya yi ba daidai ba, kada ka tambaye ni." Shekarar farko yaro ba ya taɓa inji. Shara ce, da ɗebo ruwa, da wanke ƙarafa a fetur, da aike. Jaji zai ce a miƙo sifana goma, in yaro ya miƙo sha biyu ya sha ranƙwashi. Babu albashi, sai na abinci da na sabulu. Daga nan a ba shi kabureta ya kwance ya mayar, ya sake kwancewa ya mayar, har hannunsa ya san hanya. Bayan shekara huɗu ko biyar a dafa shinkafa, a kira liman a yi addu'a, Jaji ya ba yaro akwatin kayan aiki ya sa masa albarka, an yaye shi ke nan. A cikinsu akwai wanda yanzu shi ke kula da injinan wani kamfanin casar shinkafa a Kura. Wani yana bin motar girbi har Haɗeja, in ta lalace a daji shi ne likitanta. Wani ma ya daina taɓa baƙin mai gaba ɗaya, ya buɗe shagon kayan gyara a birni ya yi tumbi.

Sai kuma Musbahu. Shi da aka yaye shi bai tsaya ba, ya tafi birni ya ƙara shekara biyu wurin masu haɗa sola. Jaji ya yi ta yi masa dariya a lokacin, wai yaro ya bar ƙarfe ya koma wasan waya.

Da fetur ya yi tashin gwauron zabi, dariyar ta koma ciki. Manoma suka fara jingine injinansu a zaure suna kafa faifan sola a gona, rana ta fito ruwa ya fito. Masu kawo gyara suka ragu, suka ƙara raguwa. Yaran da suka saura a rumfar iyayensu suka zo suka janye su ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, kuma duk ka je sai ka tarar da su wurin Musbahu. Jaji ya rasa inda zai sa kansa. Ya share rumfa, ya sake sharewa, ya kwance lafiyayyen inji ya mayar. In ya ji ƙarar babur sai ya fito bakin titi, babur ɗin ya wuce. Matarsa Rahma ta ce mini ko abinci ba ya gamawa, zai ci loma uku ya miƙe yana zagaya tsakar gida.

Tsofaffin yaransa suka fara aiko masa da buhun shinkafa da ɗan abin cefane. Wannan ne ya fi komai ci masa rai. Ya ce mini, "Sammani, ni aka fara yi wa aike kamar gajiyayye? Da hannuna da ƙafata?" Na ce to ya karɓa mana, in ba ya so ya turo gidana. Bai ko yi murmushi ba. Ya ce in bai iya wannan sabon aikin ba kafin ranin nan ya wuce, rumfa ta rufe ke nan, kuma shi da ya zauna yana jiran buhun wani gara ya bar garin.

Washegari ya tafi shagon Musbahu ya ce koyo ya zo yi. Gemu ba ya hana ilimi, haka ne, amma ba a faɗa mana yadda yaro zai koyar da wanda ya rene shi ba. Musbahu na ganinsa ya zube ƙasa yana gaisuwa. Ya sa aka goge kujera, aka kai ta inuwa, aka kawo ruwan sanyi. In Jaji ya sunkuya zai ɗauki faifai, yara uku su rugo su karɓe. In ya ɗauki filaya, Musbahu ya ce, "Haba Oga, muna nan za ka taɓa?" In ya yi tambaya, sai a ce, "Ai Oga kai ka fi mu sani." Rannan Jaji ya haɗa waya a juye, Musbahu ya gani, ya ce ya yi kyau, ya jira sai da Jaji ya tafi alwala sannan ya gyara a ɓoye. Jaji ya dawo ya lura. Haka aka shafe fiye da wata, ana kai shi gonaki a gaban mota kamar baƙon biki, ana dawo da shi bai ƙaru da komai ba.

Ni abin haushi ya riƙa ba ni, domin ladabin nan kashe shi yake yi, kuma ba wanda za ka kama da laifi. Na tare Musbahu na ce ya koya wa mutumin nan tsakani da Allah. Ya ce, "Baba Sammani, ta yaya zan buɗe baki in ce masa ba haka ba ne? Mutumin da ya koya mini riƙe sifana? Wallahi harshena ba zai iya ba."

Ana nan, ni ma na kira Musbahu ya kafa mini sola a gonar albasata, kuma ban ji kunyar kowa ba, aljihuna ne ya gaji. Suka zo da Jaji, aka ajiye masa kujerarsa a gindin mangwaro, ya ƙi zama. Wajen azahar aka gama, ruwa ya taso, muka yi hamdala. Can sai ruwan ya fara tsinkewa yana dawowa. Musbahu yana can wurin rijiya. Jaji kuwa jikinsa ya riga tunaninsa. Ya saba in inji ya yi tari ya fizge wayar fulogi da hannu ya kashe shi. Ya tsallaka cikin kwarin da ruwa ke gudu, ƙafarsa tsundum, ya kai jiƙaƙƙen hannu zai raba wayoyin da suka fito daga faifan, rana tana tsaka.

"Kai! Cire hannunka! Ba ka da hankali ne?"

Musbahu ne. Ban san lokacin da ya iso ba, sai ƙarar dukan na ji. Ya make hannun Jaji da ƙarfinsa duka, ya ture shi ya faɗi zaune a kan kunya. Yana huci ya ce, "Wa ya ce maka ana raba ta famfo na aiki? Sai an kashe daga akwatin makunni tukunna! Wutar nan kisa take yi!" Sai a nan ya ga wanda yake yi wa tsawa. Ga yaransa, ga maƙwabtana da suka zo kallo. Musbahu ya dubi hannunsa, ya bar kayan aikinsa a nan, ya ɗauki babur ɗin wani yaro ya tafi.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu: yaro ya daki maigidansa. Hannun Jaji ya kumbura, yana ta kai da kawo a ƙofar gida, ni kuwa na ɗauka fushi ne.

Washegari bayan la'asar Malam Muhammadu Sani, mahaifin Musbahu, ya taso ƙeyar ɗansa har zauren Jaji. Ina wurin. Dattijon ya ce, "Malam Jaji, ga shi na kawo maka. Ka yi masa duk abin da ka ga dama, amma don Allah kada ka janye albarkarka." Musbahu ya durƙusa, kansa a ƙasa, hawaye na ɗiga.

Jaji yana tsaye ya ce, "Malam, in ya ba ni haƙuri ban yafe ba." Muka dubi juna. Ya ce, "Tun da na fara zuwa wurin yaron nan, jiya kaɗai ya koya mini abu. Yau ko a mafarki ba zan raba wayar nan ban kashe akwati ba." Ya juya ga Musbahu. "Magana ɗaya ce. Ko ka ɗauke ni yadda na ɗauke ka, ko gobe in tafi Madobi wurin wanda bai san ni ba, in yi masa shara. Ka zaɓa yanzu, rani ba ya jirana."

Uban ya buɗe baki zai yi magana, Jaji ya ɗaga masa hannu. Ni kaina na ji tausayin yaron, domin duk wanda ya zaɓa akwai ɗaci. Can, bai ɗago kai ba, Musbahu ya ce, "Ƙarfe bakwai muke loda kaya, Oga. Kullum kana makara." Ya ƙara da cewa, "Kuma sabon zuwa shi ke wanke faifai. Ka zo da bokiti."

Na ga maganar ta soki Jaji, shi da ya roƙe ta da bakinsa. Fuskarsa ta canza, ya dubi dattijon, ya dube ni, ya dubi yaron da ke durƙushe a gabansa. Sannan ya ce, "To." Ya leƙa cikin gida ya ce wa Rahma ta nemo masa bokitin da ba ya yoyo.