Yaron da Ba Ya Cikin Littafi

A lokacin, jikoki bakwai gare ni. Shida suna Funtua a gabana, duk an yi musu allurar ƙyanda. Na bakwai yana Gozaki, wata goma sha takwas da haihuwa, sunana aka sa masa. Saboda shi na rufe shagon hatsina ranar kasuwa, na ba ma'aikatan rigakafi aron a-kori-kurata kyauta da na ji tasu motar ta lalace, da sharaɗi guda: ni ma ina ciki.

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtua, ni da direbana. Bazara ce, tun kafin rana ta fito gumi ya jiƙa mini wuya. Bayan Bakori gonakin auduga duk an share, sai kututture. A Malumfashi muka sha shayi da burodi, sule biyu, madarar kuwa nuna wa ruwan kawai aka yi. Nan muka ɗauki mutum biyu: malamin asibiti, Kirista, ɗan wajen Kafur, mutum mai ƙarancin magana, da wata ma'aikaciya da ke rungume da babban littafi. Akwatin ƙanƙarar allura aka ba gaba, ni mai mota na matse jikin ƙofa.

A hanya malamin ya yi mini bayanin aikinsu. Watanni baya sun bi gida-gida sun rubuta yaran da suka isa allura, don su bi sawunsu su ga wa cutar ta kama, wa ta bari. Allurar kaɗan ce, daidai sunayen littafi aka ba su, da 'yar rara. Ƙanƙara kuma ba ta wuce azahar. Na tambaye shi wa suka tambaya a gidajen. Ya ce iyaye mata. Na yi dariya na ce ashe littafinsu rabi ne. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Wannan dariyar har yau tana ci mini rai.

Daga Kafur hanya ta zama ta jakuna. Sau biyu muka sauka turi, malamin ya cire rigarsa ya lulluɓe akwatin. Mun isa Gozaki da hantsi, muka tarar mata sun cika gindin tsamiya a ƙofar mai gari. Aka kawo mana fura mai kyau, irin wadda ba a samu a Funtua ko da kuɗi.

Aka fara kiran suna. Na tsaya ina sauraro har shafi ya ƙare, ban ji na takwarana ba. Ma'aikaciyar ta duba gidan surukaina a littafin, ta nuna mini: gaban sunan 'yata an rubuta babu. Ba ƙarya ta yi musu ba. Baƙi suka tambaye ta a gaban uwar mijinta ko tana da ɗa, ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ga shi da sunan ubanta, da wane baki za ta ambace shi? Su kuma suka ɗauki shiru a matsayin amsa. Ba ita kaɗai ba ce. Kakanni suka yi ta zuwa da 'ya'yan fari a goye, babu ko ɗaya a littafi, rarar nan ta soma tafiya ina kallo.

Abin da ya kamata shi ne in shiga in tambaye ta ina yaron. To ita ma 'yar fari ce gare ni. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, gaisuwarmu ba ta wuce kalma uku. Sai na aika a kira mijin, aka ce yana fadama. Na aika wa uwar mijin, aka ce ta tafi barka. Na zauna kan tabarma a zauren surukaina ina amsa gaisuwar dattawa, ana tambayata farashin dawa a Funtua, ina ba da amsa. Ni da nake ciniki da 'yan Kudu ba na ƙifta ido, na kasa taka soro ɗaya.

Rana ta take tsaka sannan ta fito da kanta, ta durƙusa daga nesa.

"Baba, sannu da hanya."

"Yauwa. Ina abokin nawa?"

"An kai yaye."

"Ina?"

"Wajen gwaggonsu, ƙetaren rafi."

Mota ba ta shiga can. Na hau bayan babur ɗin wani malamin makaranta. Na sami takwarana yana cin ƙasa a tsakar gida, ƙato, lafiya lau, ya kama gemuna ya ja. Muka dawo ana kiran azahar. Malamin asibitin ya buɗe akwatin ya nuna mini: ƙanƙarar ta zama ruwa mai ɗumi, da kwalba ɗaya da aka riga aka haɗa tun ɗazu. Na ce ya yi masa hakanan. Ya ƙi. Na sa hannu a aljihu.

"Alhaji, mayar da hannunka," in ji shi. "In na yi masa wannan, ruwa na zuba masa, kai kuma ka tafi da cewa an yi. Wata mai zuwa za mu dawo."

Ma'aikaciyar ta rubuta sunansa a ƙasan shafi. Na so in taho da shi Funtua, aka ce ba a ɗauke yaro tsakiyar yaye, ni kuma ban matsa ba. Muka iso gida da la'asar sakaliya.

Kwana ashirin da uku bayan nan na sake bin hanyar, wannan karon gaisuwar rasuwa. Ƙyanda ta shiga ƙetaren rafi. Na tarar da 'yata tana tankaɗe, idonta a bushe, domin ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. Na kira ta da sunanta, karo na farko. Ta ɗago a firgice.

Yaran da motata ta kai wa allura suna nan da ransu, iyayensu har kaji suke aiko mini. Malamin ya ce yanzu kakanni suke tambaya, ba iyaye ba. Ni abin da na sani, taku goma ne daga zaure zuwa ɗakin 'yata, na ɗauki awa uku ban yi su ba. Jikokina shida ne.