Duwatsun da Ɗayyabu Ya Bari a Kan Kwalta

Duk Bahaushen da ya zauna a sansanin ma'aikata na Sana'iyya, can gefen Doha, a shekarun da ake rugurguza garin ana sake gina shi saboda wasannin Asiya na 2006, zai tuna Ɗayyabu mai tifa. Dogo ne, baƙi, da ɗan ranƙwafawa irin ta mutumin da ya manyanta a kan sitiyari. Mutumin Funtuwa ne. Tun gemu bai fito masa ba yake cikin mota, ya yi wanki, ya yi lodi, har ya kai ga riƙe tirela tsakanin Legas da Arewa. Abin taƙamarsa a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa taka ko akuyar wani ba. Da hira ta yi daɗi sai ya kawo maganar, wanda ya ji jiya ma dole ya sake ji yau.

Makarantar boko kuwa ko ƙofarta bai leƙa ba. Allo ya yi, kuma ya yi shi da kyau, don idan ya ja salla a ɗaki har 'yan Sudan suna bin sa. Sai dai wannan karatu bai tsinana masa komai a titin Doha ba. Allunan hanya da Larabci da Turanci aka rubuta su. Na Larabcin yana iya haɗa baƙaƙen ya fito da sauti, ma'ana ce dai babu. Na Turancin kuwa da shi da zanen tabarma duk ɗaya ne a wurinsa.

Ejan ɗin da ya yi masa hanya a Kano ya ce masa, "Malam Ɗayyabu, tuƙi ai ba shi da yare." Ƙarya ce tsagwaronta, amma irin ƙaryar da mai son tafiya yake jin daɗinta. Ya bar matarsa Ikilima da 'yarsu Atine, ya hau jirgi. A Doha aka gwada hannunsa, aka ga lallai direba ne, aka ba shi lasisi. Kamfanin da ya zama kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya karɓe fasfo ya ajiye, ya miƙa masa makullin wata tifa mai ɗibar tsakuwa daga bakin teku zuwa wuraren gini. Hanya kuwa ya koye ta yadda ya saba a gida: ya bi sawun motar da ke gabansa, ya haddace masallaci kaza, gidan mai kaza, shataletale mai tulu a tsakiya.

Kullum da safe kafin a tayar da motoci sai a tara direbobi a filin kamfani. Akwai wani jami'in kiyaye haɗurra, ɗan Filifin, gajere mai jar hular kwano, da kowa ke kira Sefti. Shi zai tsaya ya yi ta zuba Turanci, 'yan Nepal da 'yan Pakistan da Hausawa suna tsaye suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Idan ya gama ya tambaya ko an gane, sai a amsa da murya ɗaya, "Yas sa." Kamfanin da ya iya ɗebo mutane daga ƙasashe barkatai bai iya samo tafinta ko ɗaya ba. Shi dai a yi taron, a ce an yi.

Amma kar a ɗora wa kamfani duka, don Ɗayyabu ma yana da nasa rabon. A ɗakinsu akwai wani matashi ɗan Gombe mai suna Uwais, mai gadin ƙofar sansani, wanda ya gama sakandare kuma Turancinsa ba laifi. Sau da yawa yakan ce masa, "Yaya, ka bari in riƙa koya maka kaɗan-kaɗan. Ko maganar Sefti ce ka riƙa tsinta."

"Da furfurar tawa in koma ina bitar abacada?" in ji Ɗayyabu. "Me zai faɗa mini game da mota? Ba a haife shi ba na fara jan tirela."

Girman kai ne, kuma kunya ce. A inda ya taso, babban mutum ba ya tsayawa gaban ubangidansa ya ce bai gane ba. Sai ya amsa, daga baya ya bi ta bayan fage ya gano abin da ake nufi. A gida wannan yana yi, don akwai wanda za ka tambaya a tasha. A nan kowa ta kansa yake yi, kuma wanda ke kusa da kai shi ma gyaɗa kan kawai ya yi.

Ranar da abin ya faru, tsakar rana ce ta bazara, irin wadda ƙarfen mota ke ƙona hannu. Yana tafe da lodi a babbar hanyar da ta wuce ta Mesaimeer sai tifar ta yi tari ta mutu. Da ƙyar ya gangara da ita gefe, amma kusan rabinta na kan kwalta. Ya sauko ya ciro jar alamar nan mai kusurwa uku, wadda a gida ake ajiyewa don nuna wa masu tsaron hanya kawai, ya kafa ta a baya. Iska ta kifar da ita. Ya sake kafawa, ta sake kifewa, a karo na gaba ma iskar ta ja ta cikin rairayi.

To, direban Najeriya ya san abin da ake yi idan mota ta mutu a hanya. Daji kake shiga ka karyo ganye ka jera a kwalta tun daga nesa, duk mai zuwa ya san akwai matsala a gaba. Ɗayyabu ya waiga dama, ya waiga hagu. Ko tsinken ciyawa babu, sai rairayi da fararen duwatsu iya ganinka. Don haka ya yi abu na biyu da ake yi a gida in ganye ya gagara. Ya yi ta ɗauko duwatsu, manya-manya, gumi na zuba, ya jera su a kan layin da motarsa ta tare. Har cikin ransa yana ganin rai yake karewa, kuma a wannan lokacin gaskiyarsa ne, don motoci suna hango su suna kaucewa.

Kanikawan kamfani suka iso, suka buga nan suka kwance can, mota ta tashi. Tun kafin su rufe inji wayar babbansu take ta ruri, ana jiran tsakuwa a wurin gini. "Yalla, yalla!" in ji babban nasu, wato maza-maza, yana bubbuga ƙofa. Ɗayyabu ya haye ya ba ta wuta. Bai ko tuna da duwatsun ba. A gida ma ai ba direba ke kwashe su ba, mutanen ƙauyen da ke kusa ne ko wani mai wucewa zai ture su da ƙafa. Amma a wannan hanya babu ƙauye, babu mai tafiya a ƙasa, kuma motoci gudu suke kamar ana korar su.

Can da la'asar iska ta taso da rairayi, hanya ta yi duhu. Wata ƙaramar a-kori-kura ɗauke da kayan famfo ta hau kan duwatsun, taya ta fashe, ta wuntsila gefe. Direbanta, wani ɗan Nepal, bai mutu ba, amma ƙugunsa ya ragargaje. Ba a sha wahalar gano mai duwatsun ba, kanikawan kamfani da kansu suka faɗa.

Da labari ya iske Ɗayyabu a sansani, sai ya shige ɗaki. Ya zauna a bakin gado ya kasa ko cire takalmi. Uwais ne ya gaya masa abin da ya fi ƙona masa rai: wai wannan maganar, ta kar a kuskura a sa dutse ko wani abu a kan titi, Sefti ya sha nanata ta a taron safe. An ce ka kunna fitilun gargaɗi, ka kira ofis, ka koma can gefe ka jira. Duk Ɗayyabu yana tsaye aka faɗa, yana gyaɗa kai.

Maganar 'yan sanda da inshora kamfani ya ji da ita, tunda motarsa ce. Saura tasu ta cikin gida. Babban kamfanin da suke yi wa aiki ya aiko da sabuwar doka: duk direban da ba ya jin Turancin da zai fahimci umarnin kiyaye haɗari, a sauke shi daga mota. Aka kira Ɗayyabu ofis. Kuma wani abin takaici, ranar da za a yanke masa hukunci ita ce ranar da kamfani ya tuna akwai abin da ake kira tafinta. Aka ɗauko Uwais daga bakin ƙofa aka tsayar kusa da shi.

Manajan, wani Balarabe mai sanyin murya, ya yi tambaya. Uwais ya juyo ya ce, "Yaya, cewa ya yi, abin da Sefti ke faɗa da safe kana ganewa ko ba ka ganewa?" Sai ya sassauta murya ya ƙara nasa. "Ka faɗi gaskiya. In ka ce ba ka ji, laifin ya rabu biyu, su ma ba su kawo mai fassara ba."

"In na ce ba na ji, za su bar ni da motata?"

Uwais ya sunkuyar da kai. "Ba za su bar ka ba."

"In na ce ina ji fa?"

"Wataƙila a ce ganganci ne, a dakatar da kai, daga baya a mayar da kai. Wataƙila dai."

Ɗayyabu ya dubi manajan. Duk abin da ya mallaka a duniya wanda za a kira shi da shi sitiyarin nan ne. Ba gona gare shi ba, ba shago ba, ba wata sana'a ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Gaya masa ina ji."

Uwais ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Manajan ya gyaɗa kai, ya ɗaga wa Uwais hannu alamar ya yi shiru, sannan ya dubi Ɗayyabu kai tsaye ya yi masa wata gajeriyar tambaya da Turanci, a hankali, kalma-kalma, kamar mai yi wa yaro magana. Daga baya Uwais ya ce tambayar ita ce: idan motarka ta mutu a hanya, me za ka fara yi? Babu wanda ya fi Ɗayyabu sanin amsar yanzu. Amma ya tsaya tsuru-tsuru, gumi na bin wuyansa duk da sanyin na'urar ofis. Ya dubi Uwais, Uwais ya kau da kai yana share ido. Sefti, wanda ke tsaye a gefe, ya fara wasa da hular kwanonsa.

"Khalas," in ji manajan, wato shi ke nan.

Ba su kore shi gida ba, don wa'adin kwangilarsa bai cika ba, kuma kamfani ba ya asarar hannu. Aka karɓi makulli aka ba shi tutoci biyu, ja da kore, da riga mai ƙyalli, aka tsayar da shi a ƙofar wani wurin gini yana ba motoci hannu. Aikin da ba ya buƙatar yare ke nan, a nan dai maganar ejan ta yi daidai. Tun safe har yamma yana tsaye cikin rana, tifofi na wucewa ta gabansa suna watsa masa ƙura, har da tasa, wani ne a ciki. Direbobin da suka san shi sukan danna masa hon na gaisuwa. Da sun san yadda hon ɗin ke sukar sa da sun bari.

Sau ɗaya ya je asibiti duba ɗan Nepal ɗin, da ledar lemo a hannu. Ya tarar da shi kwance, an ɗaure shi da ƙarafa daga ƙugu zuwa gwiwa. Mutumin bai san ko wane ne ba, ya yi masa murmushi. Ɗayyabu ya zo da magana cike da baki, ta neman gafara, amma babu yaren da zai zuba ta a ciki. Ya ce "Sannu" da Hausa, ya ajiye lemon, ya tsaya kaɗan ya fita. Bayan wannan rana ba wanda ya sake jin ya yi maganar akuya a hira.

Ranar Juma'a ce hutunsu. Bayan masallaci sai su shiga bas zuwa Mushairib, wadda a lokacin tsohuwar unguwa ce mai ƙananan shaguna, su sayi katin waya su kira gida. Watanni suka shuɗe Ɗayyabu bai gaya wa Ikilima komai ba. A Funtuwa har yanzu matar direban Ƙatar ake ce mata, kuma tana jin daɗin sunan.

Wata Juma'a ya tsaya a inuwar wani shagon ɗinki ya kira ta. Ta ba shi labarin gida, ta ce Atine ta yi zazzaɓi amma ta warke, ta ce an yi ruwa mai yawa. Sannan ta ce, "Baban Atine, na ji muryarka duk ta dushe. Tafiyar ce ta yi yawa ko? Ka riƙa tsayawa kana hutawa, ka ji, kar barci ya ɗauke ka a kan mota."

Ya buɗe baki zai faɗa mata. Uwais na gefe yana kallon sa. Ya dubi tafin hannunsa, inda sandar tuta ta yi masa kanta a wurin da sitiyari bai taɓa yi ba.

"Ina hutawa," ya ce.

"To madalla. Allah ya kiyaye hanya."

"Amin," in ji Ɗayyabu.