Kwalayen da Malam Bai Dawo Ya Ɗauka Ba

Shekara goma sha tara ke nan da aka fitar da Malam daga zauren gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau a jarida ba. Ni ban yi boko ba. Da baki nake faɗa, maƙwabciyata ma'aikaciyar asibiti tana rubutawa.

Yana koyarwa ne a wata firamare a Tarauni. Ni kuwa ina da ɗan tebur a ƙofar gida, ina sayar da ashana da sabulu da ganyen shayi. Duk ƙarshen zango sai ya zo ya tsuguna ya ce, "Inna, a tara mini kwalaye." Wata rana na tambaye shi ko kwasar bola ya koma. Ya ce, "Inna, yaro yana haddace littafin aji kamar waƙa, ya rera bai san harafi ko ɗaya ba. Kwalin sabulu kuwa babu wanda ya biya masa."

Haka yake jarrabawarsa. Kowane yaro ya sa hannu cikin buhu, abin da ya ciro ya karanta. Wanda ya kasa ya maimaita aji, Malam kuma ya riƙa zama da shi bayan an tashi, har bakinsa ya buɗe.

Sai sojoji suka koma bariki. Muka yi murna, ni ma na bi layi na dangwala. Ashe da farar hula kowa ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ɗan wani mai faɗa a ji ya ciro kwalin ashana, ya tsaya yana kallonsa. Uban ya je inda ya je. Aka ce daga yau kowa ya wuce gaba, maimaita aji yana ɓata sunan makaranta. Aka cire Malam daga aji, aka ba shi riƙon makullin sito. Bai yi gardama ba, amma abinci ya daina shigarsa. Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tafi ya bar matarsa da goyo.

Goyon nan shi ne Halifa. Bana ya gama sakandare, ya shigo yana kaɗa takarda, yana cewa, "Tsohuwa, angonki ya cinye duka, sai a yanka kaza." Na yi guɗa. A ranar na dawo daga asibiti da maganin hawan jini, sai na miƙa masa kwalin. Ba gwaji nake ba, so nake in san yadda zan sha. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Kaka, irin wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Mu a allo ake rubuta mana amsa, mu kwafe."

Ya yi dariya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, bai ma san an cuce shi ba.

Da Malam yana nan, na san ba zai yi faɗa ba. Zai shimfiɗa tabarma ya ce, "Zauna mu fara daga farko." Yanzu wa zai zaunar da mai takardar da ta ce ya iya?

Wani lokaci wani magidanci yakan tsaya da a-daidaita-sahunsa ya gaishe ni, ya ce Malam ne ya hana shi wucewa aji na gaba, shi ya sa yau ya iya karatu. Ɗaliban nasa su ma furfura ta fara kama su.

Har gobe ba na iya jefar da kwali. Buhu ya cika a bayan ƙofa. Allah ya ji ƙan mai zuwa ɗauka.