Tabkin da ya hana ni zuwa tseren Tawa

To, a shekarar nan ce fa gudu ya fara karɓata sosai. Ba wanda ya koya mini. A rediyo nike jin labarin masu tsere, in tashi da safe in sa takalmin roba, in bi gefen kwalta daga garinmu kusa da Dogarawa, ina gwada kaina da kamyon, manyan motocin siminti na Malbaza, in sun zo hawan tudu. Wata rana har na wuce ɗaya, direban ya leƙo yana dariya.

Sai anka ce bayan girbi za a kai samarin yankinmu tsere Tawa. Malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke zaɓen ya gan ni bisa hanya, ya sa ni ciki, ko da yake na daɗe da barin aji. Ban taɓa zuwa Tawa ba, kuma ban taɓa gudu a gaban mutane ba.

Gero na cikin fidda kai ƙafafuna sunka yi nauyi. Tudun da nike hayewa ina waƙa, yanzu rabinshi sai jiri. Na je wurin tsohon majo, mai allurar garinmu, ya taɓa goshina ya ce masassara ce, ya ba ni kinin. Na koma, ya ƙara mini kinin. Na bar gudu, na koma kwanciya ƙarƙashin iccen bedi.

Kakata, wadda ta rene ni, ta tsaya kaina. "Mai gida, yau ba a korar ka ne? Ni dama ban ga abin da kake gudu ba."

Ita ce dai ta ji an kawo sabon likita Malbaza, ta sa ni gaba munka shiga mota.

Matashi ne, baƙo, Hausarshi ta gabas. Bai taɓa goshina ba. Ya ja fatar idona ƙasa ya duba, ya buɗe tafin hannuna, ya danna mini ciki. Sannan ya ce in faɗa mishi yadda nike gudun, tun daga tashi.

Abin da nike so ke nan. Na kwashe mishi duka, da tudun, da kamyon, da dabarar da na tsinta a rediyo: wai manyan masu tsere na sa ƙafa cikin ruwan sanyi in sun gama. Mu ba mu da ƙanƙara, don haka kullum in na dawo sai in shiga tabkin bayan gari in zauna har ƙugu.

Ya aje biro. "Samari, fitsarinka wane launi?"

Na dubi ƙasa. Kaka ce ta amsa. "Likita, in jan nan kake nufi na ƙarshen fitsari, wannan ai girma ne. Duk ɗa namiji na garinmu ya yi shi. Kakanshi ma ya yi, kuma ya ga jikoki."

"Inna, kakanshi ya yi tsere?"

"Shi? Ko gobara ba ta sa shi sauri."

Ni ma haka na sani, jinin nan girma ne. Yara har gasa muke, wanda bai fara ba a ce mishi ƙarami. Shi ya sa ban faɗa ma majo ba, shi ma bai tambaya ba.

Likita ya ba ni kwalba. Da na kawo, ya ɗiga a gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin awo, ya bar ni na leƙa. Wasu abubuwa ne kamar ƙwayar kankana, da ɗan tsini. Ya ce ƙwan tsargiya ne, daga tabki ake ɗauko ta, tana shan jini kaɗan kaɗan, kuma dabarata ta ƙara mata hanya.

Ya ba ni ƙwayoyi na haɗiye nan take, da na ƙarin jini. Na roƙe shi zancen Tawa. Ya ce in dawo dab da tafiyar, in cikin idona ya yi ja, in tahi.

Na ci zogala, na ci hanta in an samu. Kullum ina jan fatar idona gaban madubin Kaka, tana cewa amarya ma ba ta kai ni ba. Na koma. Ya ja, ya duba, ya girgiza kai.

Wani yaro daga Badaguishiri anka ba wurina. Na je bakin kwalta na ga motarsu ta wuce, na dawo gida.

Sai da rani na sake hawan tudun nan ba jiri. Dabarar ruwan sanyi ban bar ta ba, sai dai yanzu ruwan rijiya ne cikin bokiti, Kaka na mitar ina ƙarar mata da ruwan sha.

Ku a garinku me ake ce ma jan nan? Kuma wa ya fara faɗa muku ciwo ne? Ina son in ji.