Koci Dodo, Turminka Bai Sallami Saifullah Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Dodo na Runjin Sambo, kocin da ya ƙare rayuwarsa yana gina jikin 'yan kokawa da 'yan tsere a Sakkwato. Ni Abdulrasheed, mataimakinsa, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta ba.

Koci, ka same mu muna zaton ƙarfi shi ne a wahalar da yaro har ya yi amai. Kai ka hana horo da tsallen kwaɗo a filinmu. Kai ka sa ranar hutu cikin mako, aka yi ta kiranka kocin ragwaye, ko a jikinka. Wanda ya zo atisaye da yunwa sai ka tura shi wajen Hajjo, mai ɗakinka, ya sha fura tukuna. Ranar da ka kama wani yana raba wa yara ƙwayar ƙara kuzari a bakin fili, da sanda ka raka shi har titi.

Sai turmin nan, tsohon turmin da ka kife a gindin darbejiya. Duk wanda ya ji ciwo a gwiwa ba ya komawa gasa sai ya zauna a kansa, ya miƙe da ƙafar mai ciwon ita kaɗai, ba dafa ƙasa, ba rawar jiki. Janet 'yar tsere ta sha kuka gaban turmin nan da ka hana ta tafiya gasa. Yau garau take, ita ma tana horar da wasu.

Ga abin da ake ciki bayanka. Manyan ƙungiyarmu sun shirya gasar kokawa don tunawa da kai, suna son Saifullah, zakaranmu, ya buɗe fili, saboda sunansa ke tara jama'a. Alhali gwiwarsa ta goce tun kafin ka kwanta ciwo. A gwajinsa na ƙarshe a gabanka ya taso rabi ya koma zaune, ka ce, "Wagga gwiwa ba ta shirya ba, ɗana. Ba ni bari." Wai yanzu a yi masa allurar kashe zafi ya shiga, wai girmama ka za a yi. Kai jama'a! A nakasa yaronka da sunanka?

Sun ce in ban amince ba, za su ba wani koci filin. To su ba shi mana. Jiya da safe na sake zaunar da Saifullah kan turmi a kan idonsu. Ya cije, gumi ya keto masa, ya taso rabi, ƙafar ta ɗauki rawa. Ya dube ni da hawaye ya ce, "Koci, don Malam fa." Na ce masa, "Don Malam ɗin za ka zauna."

Allah Ya jiƙanka, Malam Dodo, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace gwiwa da ka tsare ta zame maka shaida. Hajjo, da 'ya'yanki Khairiyya da Auwalu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ranar gasar Saifullah zai zo, da rigarsa a jikinsa, ya zauna cikin 'yan kallo ya yi maka addu'a. Shigarsa fili kuwa, ko za su kore ni, ba ni bari.