Kakata ba za ta hau saman buhu ba

Jiya a tashar Bande direba ya nuna wa kakata saman buhunan gyaɗa, wai can za ta zauna har Magaria.

Ni da ko ido ba na iya haɗawa da manya, sai na riƙe hannunta gam, na hana ta hawa. Tana ƙarama, zamanin Nasara, kamyon gyaɗa, wato babbar mota, ya kife da babanta yana zaune a sama.

Direba ya ce, "Ke yarinya, in kwana ya ƙare, ko cikin mota mutuwa ake."

Na ce, "Baba, to ya ƙare tana kan kujera."

Ya ja motarsa ya bar mu. Sai la'asar muka samu wata, Kaka ta zauna ciki.

An ce na yi rashin kunya. Ku da kakarku ce, za ku bari ta hau?