Maman Kulob da Gwiwar Bahago

Duk ranar Litinin da hantsi motar kulob takan tsaya a bakin wani lungu da ke bayan filin wasa. Direba ya sauke buhu biyu na kayan da aka yi wasa da su, ya danna ham sau ɗaya, ya wuce. Matar da ke fitowa ta ja buhunan zuwa ciki ita ake kira Maman Kulob. Shekara ashirin da uku ke nan tana wanke wa ƙungiyar ƙwallon garin kaya, har mutanen lungun sun manta sunanta na yanka.

Ba ita ta nemi aikin ba. Mijinta ne ke kula da kayan 'yan wasa, shi ke hura ƙwallaye, ya jera takalma, ya kai wanki inda ake yi. Wata shekara mai wankin ya haɗa fararen wanduna da jajayen riguna a ruwa ɗaya, 'yan wasa suka shiga fili da wanduna ruwan hoda, 'yan kallo suka yi ta dariya har aka tashi. Ranar mijin ya dawo gida da buhu a kafaɗa ya ce mata, "Taimaka mini na wannan makon kawai." Makon nan bai ƙare ba har yau. Shi ya rasu shekara tara da suka wuce. Kulob bai ce ta daina ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Tsakar gidanta ba shi da girma. Akwai famfo a kusurwa, baho uku, teburin guga a ƙarƙashin rumfar kwano, da igiya huɗu da aka ja daga katanga zuwa bishiyar gwaiba. Tana da nata tsarin shanya. Rigar gola a can baya kusa da katanga, masu tsaron baya a igiya ta biyu, haka har zuwa 'yan gaba da ke daf da ƙofar ɗakinta. In ta gama sai ta kifa bokiti ta zauna, hannuwanta sun yi fari sun yamutse don ruwa. Iska ta shigo ta kan katanga ta cika rigunan, su ɗaga ƙirji, wannan ta karkata wajen waccan kamar za ta miƙa mata ƙwallo. Tana yarinya ta buga ƙwallon tsumma da yayyenta maza, kuma ba wanda ke kamo ta in ta zura a guje. A irin wannan zaman takan ji ƙafafunta sun yi sauƙi, ta ga ciyawa ta shimfiɗu daga famfo har bakin rumfa, wani lokaci ma ta hango mijinta a gefe da ragar ƙwallaye a baya, yana yi mata alamar ta matsa gaba. Sai ɗigon famfo ya dawo da ita.

Ta san 'yan wasan ta kayansu fiye da ta fuskarsu. Mai lamba biyar kullum wuyan rigarsa a yage yake, don ba ya rabuwa da kokawa. Gola yana cinye gwiwar hannun rigarsa cikin wata biyu. Mai lamba sha ɗaya kuwa, wanda gari ke kira Bahago, rigarsa takan zo da gumi kawai, babu laka a bayanta, saboda ba a cika samun kayar da shi ba. Yana ɗan shekara sha shida aka fara kawo shi, siriri, rigar ta sauko masa har cinya. Ita ta naɗe bakin rigar ta ɗinke masa da hannu. Bayan shekara takwas, babu bangon da ba a rubuta sunansa da gawayi ba a unguwar.

Sai labari ya fito a rediyo cewa wata babbar ƙungiya ta ƙetaren teku na son sayen sa.

Shagon askin ƙaninta yana jikin gidan, tagarsa ta baya tana kallon igiyoyin shanya. Tun daga ranar nan shagon ya zama majalisa. Mai Aski shi ne shugaban masu cewa kada a sayar. Tela, wanda shagonsa ke tsallaken lungu kuma abokinsa ne tun makarantar firamare, shi ne jagoran masu cewa a sayar tun kafin masu saye su canza shawara.

"Ka cire Bahago daga ƙungiyar nan, me ya rage?" in ji Mai Aski, almakashi a sama. "Mutum goma masu neman inda za su ɓuya."

"Abin da ya rage shi ne rufi," in ji Tela. "Shekara nawa muna kallon wasa ruwa na dukan mu? A sayar da shi a rufa mana kwano, a gyara ciyawa, a canza motar nan da sai an tura take tashi."

"Sai mu zauna a inuwa muna kallon yadda ake zura mana ƙwallo. To ka ji daɗi."

"Ai ko yanzu ana zura mana, ga kuma mura."

Mutumin da ke kan kujera, rabin kansa a aske, ya ce cikin ladabi, "Maigida, ni dai ko a sayar ko a bari, a ƙarasa mini, aiki zan koma."

Haka ake yi kullum. Aka kai ga masu goyon bayan Mai Aski sun daina kai ɗinki wajen Tela, Tela kuma ya bar sumarsa ta taru don kada ya zauna a kujerar abokin gaba. Wata rana Mai Aski ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ke fa da kike cikin gida, me kika gani?"

Ta ɗaga kai ta dubi sama. "Ni dai hadari na gani. Bari in kwashe shanyata."

Ta ga abin da ya fi hadari, ba ta dai faɗa ba. Mako uku ke nan safar Bahago ta dama tana zuwa da warin man zafi, bakinta ya saki kamar an ja ta a kan bandeji mai kauri. Dama ita ce ƙafar da yake dogara a kanta in zai buga da hagu. Kuma a wasa biyu na baya rigarsa ta zo da laka a baya.

Wata ranar Laraba bayan azahar, tana guga, aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Bahago ne, ya ja hula ta rufe masa rabin fuska. Ya durƙusa zai gaishe ta, ta ga yadda ya miƙar da ƙafar dama gefe kafin ya sauka.

"Mama, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana. Tashi ka zauna a bokitin can."

Ta tagar shago ana jin muryar Tela yana rantsuwa cewa har 'yan gaba uku za a saya da Bahago ɗaya. Saurayin ya saurara, ya yi ɗan murmushi.

"Kowa a garin nan ya yanke mini shawara, Mama. Har mai sayar da ruwa a bakin fili. Ni ne kawai ba a tambaya ba."

"To na tambaye ka. Kana so ka tafi?"

Bai amsa kai tsaye ba. Ya ce tun yana ƙarami yake ganin filin babbar ƙungiyar nan a mafarki. Ana fitowa ta wani dogon rami mai duhu, sai haske ya buɗe gaba ɗaya, ciyawa kore shar kamar an fenta ta, mutane sun hau sama hawa-hawa har ba a ganin na ƙarshe. A mafarkin ba ya jin ihunsu, numfashinsa kawai yake ji da ƙarar takalminsa. Yana magana a hankali, idonsa na kan rigunan da ke lilo a igiya. Ita ma sai ta ga filin, ta ji sanyin ramin a bayan wuyanta, har ta bar dutsen guga a kan riga ya kusa ƙona ta.

Ta ɗauke dutsen ta jingine shi. "Gwiwar dama ce, ko?"

Ya juyo ya dube ta. Can ya sunkuyar da kai.

"Wa ya gaya miki?"

"Safarka."

Ya ce ko koci bai sani ba. Sauran mako biyu likitocin ƙungiyar can su duba shi, kuma wani ya ce masa akwai allurar da in an yi, ba mai gane komai sai bayan an sa hannu. In ya faɗa, ƙila su fasa. Ya roƙe ta kada ta bari maganar ta tsallaka tagar can.

"Ba za ta tsallaka ba," ta ce. Ta ninke rigar da ke gabanta, ta shafa ta da tafin hannu. "Ka san mutane na cewa mijina ciwon kwana uku ya yi. Ba haka ba ne. Wata huɗu kafin nan ina wanki na tarar da kwalin maganin ciwon ƙirji a aljihun wandonsa. Na ce tunda ya ɓoye, ba ya son in sani. Na mayar masa inda na gani, na yi shiru. Har ya tafi ban tambaye shi ba. Kai kam na tambaye ka. Ba zan ce maka tafi ko zauna ba, ban san ƙwallon zamani ba. Amma ƙafar nan da ita za ka tsufa. Ka kai ta wajen likita da bakinka."

Ya tashi ya taya ta ninke riguna, yana yi a karkace tana warwarewa tana sakewa. Da la'asar ta yi ya fita ta inda ya shigo.

Kwana tara ba ta ji komai ba. A na goma rediyo ya ce Bahago ya kai kansa asibiti, an ga jijiyar gwiwarsa ta kusa tsinkewa, za a yi masa aiki, babbar ƙungiyar nan kuma ta janye.

Shagon aski ya yi tsit na yini guda. Washegari aka dawo, amma kowa ya ɗauki ra'ayin da ɗan'uwansa ke kai a da. Mai Aski ya ce ai shugabannin kulob ba su da wayo, da sun sallama shi tun makon farko. Tela ya ce yaron da ya faɗi gaskiya a kan kansa haka, ko me za a bayar bai kamata a sayar da shi ba. Suka yi ta yi har Tela ya manta ya zauna a kujera, Mai Aski ya manta ya aske shi.

Ita kam watannin nan sun yi mata nauyi. Buhu yana zuwa babu lamba sha ɗaya a ciki, igiyar gaba ta zauna da giɓi. Sau ɗaya ya zo gaishe ta yana dogara sanduna biyu. Bai zarge ta ba, bai kuma yi dariya ba, ya sha ruwa ya tafi. Ta daɗe tana tambayar kanta ko bakinta ne ya rufe masa ramin nan mai haske a ƙarshe. Wata rana ta ga daidai ta yi, wata rana ta kasa gani.

Bayan wata goma ya dawo fili. Gudun nan na da ya ragu, amma ya koyi tsayawa ya duba kafin ya raba ƙwallo, har wasu suka ce yanzu ne ma ya iya wasa. Ya yi kakar wasa ɗaya cur. Daga nan wata ƙaramar ƙungiya a wata ƙasa mai sanyi ta neme shi, da sanin tabon da ke gwiwarsa. Wannan karon shi ya fara cewa zai tafi, gardamar ma ba ta yi kwana uku ba. Kulob ya rufa kwano a rabin wurin zaman 'yan kallo. Tela yana zama a ɓangaren rufin, Mai Aski kuwa da gangan yake zama a ɓangaren rana.

Maman Kulob tana nan tana wanki, ko da yake bayanta ya fara ƙorafi, 'yarta ta fari kuma kullum sai ta ce ta huta haka nan. Wata safiyar Talata, hannunta cikin kumfa, Mai Aski ya miƙo waya ta taga. "Yaya, Bahago ne. Ke yake nema."

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Muryar tana zuwa daga nesa, da ɗan jinkiri. Ya ce filinsu ƙarami ne, bayan raga akwai tafki, agwagi na sauka a kai ana tsakiyar wasa. Gwiwa lafiya. Abu ɗaya ne ke damun sa, inji ne ke wanke musu kaya ya busar, riga ta zo ba ta ƙanshin komai.

"Ka karɓi taka ka shanya a rana," ta ce.

"Mama, wata biyu ke nan ban ga rana ba."

Ta yi dariya har ta dafa famfo. Ya tambayi bishiyar gwaiba, ta ce ta yi 'ya'ya, tsuntsaye na sha. Suna cikin haka layin ya yanke.

Mai Aski ya karɓi wayarsa, mutum huɗu sun cunkushe a taga a bayansa. "Me ya ce a kan sabon kocinsu? Zai dawo ya ƙare wasa a gida?"

"Ba mu yi maganar ƙwallo ba," ta ce, ta mayar da hannu cikin baho.